Haɗa Man Gashi a Gida: Awo, Yanayi da Amana

 



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ware lokaci a yi magana a kan man gashi. Wani zai ce abin bai kai a tara jama'a a kansa ba. Amma duk wadda ta taɓa zama gaban makitsiya da busasshen kai a tsakiyar hunturu, tana jin mataji yana tsinka mata gashi, ta san ya kai. Haka nan wadda ta zuba kuɗin adashinta ta haɗa mai, ta jera a kanti, zafin bazara ya narkar da shi ya bi kwali.

Shafa wa kai mai ba yau aka fara ba. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Mancesta ta Ingila sun duba gashin gawarwakin mutanen Masar na dā da aka adana, suka tarar an shafe gashin wasunsu da wani abu mai kitse domin gyaran ya zauna. Imam Tirmizi ya ware babi guda a Shama'il a kan yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake taje gashinsa, kuma a ciki an ambaci shafa mai. A nan gida, da man shanu da man kaɗanya kakanninmu suka yi doka da zane.

Kayan haɗi dai muna da su, har ma 'yan kasuwa na ƙetare a wurinmu suke saye. Inda muke samun tasgaro wuri uku ne: ba ma auna abin da muke zubawa, ba ma duba yanayin garin da man zai zauna, sannan muna yi wa masu saye alkawarin da mai ba zai iya cikawa ba. A kan waɗannan ukun zan yi magana.

Me mai yake yi wa gashi?

Silin gashin da muke gani ba shi da rai. Abin da yake da rai saiwarsa ce, wadda take binne a cikin fatar kai, kuma daga jini take samun abincinta. Daga nan gashi yake tofowa, kimanin santimita 1 a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka. Da zarar ya fito waje, ba ya iya gyara kansa. Abin da ya same shi ya same shi.

Bayan kowane sili akwai wasu 'yan ɓawo da suka hau kan juna kamar ɓawon kifi. Idan suka kwanta, gashi zai yi santsi da sheƙi. Idan suka tashi, sai silin ya riƙa sarƙe ɗan'uwansa, mataji ya zo ya tsinka. Fatar kai tana fitar da maiƙonta domin ta kwantar da su. A gashi mai miƙewa, maiƙon yana gangarawa har ƙarshe. Namu kuwa murɗaɗɗe ne, maiƙon ba ya isa ƙarshensa, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Ga hunturu, lokacin da laimar iska a Kano ko Damagaram takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.

To, aikin mai huɗu ne. Yana tsare danshin da yake cikin gashi kada ya tsere, yana sa santsi don kada gashi ya karye a hannun makitsiya, yana riƙe gyara ya zauna inda aka ajiye shi, sannan yana ba da sheƙi. Ku lura, na ce yana tsare danshi. Mai ba ya kawo danshi da kansa. Ruwa ne yake kawowa. Wadda ta lafta mai a kan busasshen gashi, bushewar ta kulle a ciki. Shi ya sa lokacin shafa mai shi ne bayan wanke kai, gashi yana da ɗan lema, ko bayan an ɗan yayyafa masa ruwa.

Kayan haɗi da aikin kowanne

Duk man gashin da ba a sa masa ruwa ba, komai tsadarsa, daga abu uku yake fitowa: kaki, daskararren mai, da mai na ruwa. Sauran duk ƙari ne.

Kaki shi ne mai riƙo. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, don haka shi yake hana haɗi narkewa a kanti, kuma shi yake kwantar da gashin goshi da na ƙeya. Masu zuma da yawa zubar da saƙar suke yi bayan sun matse. Ku karɓa, ku tafasa ta a cikin ruwa, ku tace da ƙyalle, ku bar ta ta kwana. Da safe za ku tarar kakin ya daskare a saman ruwan. Ku kankare dattin da ke ƙasansa, ku shanya ya bushe sarai. Idan saye za ku yi, ku shinshina: kaki na gaske yana da ƙanshin zuma. Akwai masu narka kyandir su gauraya.

Daskararren mai shi ne jikin haɗin, kuma sarkinsu man kaɗanya. Falalarsa ita ce yana zaune daskare a cikin roba, amma da ya taɓa tafin hannu sai ya narke, domin zafin narkewarsa bai yi nisa da zafin jikin mutum ba. Jihohin Neja da Kwara da Kebbi suna cikin inda kaɗanya ta fi yawa a Nijeriya. Kafin ku sayi mai yawa, ku ɗebi kaɗan a cokali ku ɗora a wuta. Idan ya riƙa tartsatsi, akwai ruwa a cikinsa. Idan kuma warinsa ya juya ya koma na tsohon mai, ku bar wa mai shi kayansa, ba turaren da zai rufe wannan.

Man shanu yana sa laushi ƙwarai, kuma Fulani shaida ne. Sai dai ɗanyensa yana ɗauke da ruwa da ragowar nono, shi ya sa yake saurin yin ƙarni. In za a sa shi a abin da za a ajiye, sai an soya an tace. Kitsen shanu ma yana aiki idan aka narka aka tace shi da kyau. A nan zan ja hankalin masu kwafo haɗi daga intanet: Turawa a dā da kitsen alade da na wasu namun daji suke haɗa nasu, kuma har yanzu akwai tsare-tsaren da suke ambatonsa. Ku san abin da kuke karantawa.

Basilin fa? Tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka, daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Ba na cikin masu tsine masa. Yana da araha, ba ya tsufa ya yi wari, kuma ba abin da ya fi shi tsare danshi. Aibinsa shi ne wuyar wankewa da kwasar ƙura, ga shi ba ya shiga cikin silin gashi, a sama kawai yake zama. Wadda za ta sa shi, ta sayi tatacce a rufe daga kantin magani, ta guji na buɗaɗɗen bokiti wanda ba a san asalinsa ba.

Mai na ruwa shi yake kawo santsi da sauƙin shafawa, amma ba duka ne halinsu ɗaya ba. Man kwakwa da man alayyadi 'yan ɗaki ɗaya ne: kusan rabin kowannensu wani maiƙo ne da ake kira lorik asid, wanda ƙwayarsa ƙarama ce har tana iya kutsawa cikin silin gashi. A 2003 wasu masana biyu na Indiya, Rele da Mohile, sun gwada man kwakwa da man sunfulawa da farin man da ake tacewa daga fetur, suka samu man kwakwa ne kaɗai a cikin ukun ya rage zubewar furotin daga gashi wajen wanki. Ku tuna kuma man kwakwa yana daskarewa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 24, wato da sanyi zai taurara haɗinku, da bazara kuma ya koma ruwa.

Man zurma kauri gare shi da danƙo. Shi yake ba da sheƙi mai ƙarfi, kuma yana taimaka wa kaki wajen riƙo. Idan ya yi yawa, kai zai yi ta manne wa ɗankwali. Gargaɗi ɗaya: ƙwayar zurma tana da dafi mai kisa. Dafin ba ya bin man, a tunkuzar yake zama, don haka mai matsewa a gida ta nisanta ƙwayar da tunkuzar daga yara da dabbobi. Man zaitun da man riɗi matsakaita ne, suna shiga kowane haɗi. Man zogale ba shi da nauyi, kuma yana daɗewa bai lalace ba. Man darbejiya wari gare shi, kaɗan ake sawa. Man gyaɗa kuwa, ko da yake shi ya fi kusa da hannu, akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da gyaɗa ko kaɗan. In kun sa, wajibi ne ku faɗa.

Kayan ƙari biyu ne. Na farko man bitamin E, wanda yake jinkirta tsufan mai. Na biyu ƙanshi, ko na kanumfari, ko na na'a-na'a, ko turaren mai irin wanda ba shi da ruwa ko sifirit a ciki. Su biyun a haɗe kada su wuce kashi 1 cikin 100. Tataccen man kanumfari yana ƙona fata idan aka cika shi.

Awo

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. A wajen tuwo haka ne. A wannan sana'a kuwa, ido shi yake sa ki haɗa mai mai kyau yau, mata su yi ta yabo, wata mai zuwa ki kasa maimaita shi. Cokali ma ba abin dogaro ba ne, domin cokali guda na gurzajjen kaki da cokali guda na man zurma nauyinsu ba ɗaya ba. Abin da za ki fara saye, kafin roba da takardar suna, shi ne ƙaramin sikeli mai nuna giram. Daga nan ki riƙa tsara kowane haɗi ya tashi giram 100 daidai. Idan ya yi kyau, kilo guda kawai ninka kowane adadi sau 10 ne.

Ga tsari uku da za ku fara da su, kowa ta gyara gwargwadon abin da ta gani.

Na farko, man kitso mai laushi, na shafawa wajen kitso da bayan tsifa: man kaɗanya giram 50, man kwakwa ko alayyadi giram 20, man zaitun ko riɗi giram 14, kaki giram 10, man zurma giram 5, bitamin E da ƙanshi giram 1.

Na biyu, man kwantar da gashi, na gashin goshi da sumar maza da gashin baki: kaki giram 25, man kaɗanya giram 25, man zurma giram 25, man zogale ko zaitun giram 24, bitamin E da ƙanshi giram 1.

Na uku, mai na ruwa, na gemu da na ɗigawa tsakanin layukan kitso: man zogale ko riɗi giram 60, man zaitun giram 25, man zurma giram 14, bitamin E da ƙanshi giram 1. Wannan ba ya buƙatar wuta, girgizawa kawai ake yi a kwalba.

Ku dubi na farko da na biyu. Kusan kaya ɗaya ne, amma aikinsu ya sha bamban, kuma kaki ne ya raba su. Wadda ta gane wannan ta daina yawon neman sirrin haɗin wata. Haɗi ya yi tauri, ba ya ɗebuwa? Rage kaki, ƙara mai na ruwa. Ya yi ruwa-ruwa? Juya lissafin. Ya yi danƙo? Rage zurma. Amma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta, a gwada. In kika canza uku tare, ba za ki san wanda ya gyara ko ya ɓata ba.

Sai yanayi. Yawancin tsare-tsaren da kuke gani a waya, a ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda ɗaki yake zama wajen digiri 20. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin Afrilu yana haura digiri 40, kuma cikin shago mai rufin kwano ya fi haka. Man kaɗanya da man kwakwa ba za su tsaya da kansu a wannan zafi ba. Don haka haɗi ɗaya ba zai yi miki shekara ba. Daga Maris zuwa Mayu, ki ƙara kaki giram 5, ki cire giram 5 daga mai na ruwa. Daga Disamba zuwa Janairu ki yi akasin haka, in ba haka ba mai saye sai ta sa farce ta kankaro. Mai aika kaya Jos da mai aikawa Agadas bai kamata su yi awo ɗaya ba.

A kan wuta

Kada a ɗora mai kai tsaye a kan wuta. A zuba ruwa kaɗan a tukunya, a ɗora kwanon silba busasshe a bakinta, tururin ya riƙa dumama shi. Kaki ake fara sawa, domin shi ya fi taurin kai. Idan ya narke sai a zuba mai na ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, sannan man kaɗanya daga ƙarshe. Da zarar komai ya narke ya zama garau, a sauke. Tafasa mai ba ta ƙara masa komai sai ƙauri da saurin lalacewa. A goge ƙasan kwanon kafin a karkata shi, don kada ɗigon tururi ya faɗa ciki. Bitamin E da ƙanshi ana sa su ne bayan an sauke, lokacin da gefen kwanon ya fara nuna alamar daskarewa. In mai ya kama da wuta, a rufe shi da murfi. Watsa masa ruwa yana ƙara tayar da ita.

Kafin a juye a roba, a ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi. Cikin minti biyu zai daskare, ki taɓa ki ji yadda zai kasance. In akwai gyara, yanzu ne lokacinsa.

Da yawanku kun ga man da ya yi tsaki-tsaki bayan kwana biyu, kamar an zuba masa yashi. Bai lalace ba. Man kaɗanya yana ƙunshe da maiƙo iri-iri, wasu suna riga wasu daskarewa. Idan ya huce a hankali, masu taurin sai su dunƙule su kaɗai. Maganin shi ne a narkar da shi gaba ɗaya, sannan a sanyaya shi da sauri, ko a firji ko a jera robobin a faranti mai ruwan randa, ba tare da ruwan ya kai bakinsu ba. Kada a rufe murfi sai ya huce sarai, domin gumin da zai taru a ƙarƙashin murfin ruwa ne.

Ruwa da tsufa

Na nanata maganar ruwa da gangan. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa rayuwa a cikin mai zalla. Sai da ruwa. Wannan ne ya sa haɗin mai ya fi dacewa da mai sana'ar gida, domin ba ya buƙatar maganin hana ruɓewa. Ranar da kika zuba ruwan albasa, ko ɗanyen alobera, ko ruwan shinkafa a cikin mai, kin fita daga wannan aminci. Irin wannan haɗi na yini ɗaya ne, a shafa a wanke, ba na sayarwa ba. Bitamin E ba zai cece shi ba, aikinsa daban.

Mai son amfanin hulba ko kanumfari ko ganyen zogale, ta busar da su har su riƙa karyewa, ta daka sama-sama, ta jiƙa a man zaitun ko riɗi cikin kwalba mai murfi na mako biyu zuwa huɗu tana girgizawa, sannan ta tace sau biyu da ƙyalle mai tsabta. Wannan tataccen man shi zai shiga gurbin mai na ruwa a cikin lissafi.

Ko babu ruwa, mai yana tsufa. Iska da hasken rana da zafi da tsatsa su suke gaggauta masa. A ajiye shi a rufe, a inuwa, kada a yi aikin da tukunyar ƙarfe mai tsatsa ko ta tagulla. Ku haɗa abin da zai ƙare cikin wata shida, ku rubuta ranar haɗi a gindin roba.

Abin koyi daga Chadi da Sudan

A 'yan shekarun nan garin cebe da man karkar sun cika kasuwanninmu. Cebe na matan Larabawan Basara ne na Chadi: 'ya'yan wani ɗan itace ake soyawa a daka tare da kanumfari da mahlab da ƙaro mai ƙanshi, a kwaɓa da mai. Karkar kuma, wanda aka sani a Sudan da Chadi, man riɗi ne da kaki da kitsen dabba da turare. Ku lura, kayan nan uku ne dai da na lissafa.

Mutane suna ganin tsawon gashin matan nan sai su ɗauka maganin yana cikin garin. Ku dubi yadda suke yi. Suna jiƙa gashi, su shafa haɗin a jikin silin ba a fatar kai ba, su kitse, su bar shi kwanaki ba taɓawa, sannan su maimaita. Gashin da yake cikin mai kullum, ba a ja, ba a taje shi a bushe, ba ya karyewa. Abin da ya tofo yana nan. Wadda ta sayi cebe amma tana tsifa da kitso duk bayan kwana uku, tana bi da na'urar busarwa mai zafi, ba za ta ga abin da suka gani ba.

Iyakar mai

Nan ne amana ta shigo. Mai yana hana karyewa, amma ba ya sa saiwa ta ninka aikinta. Kada wata ta rubuta a robarta cewa gashi zai kai gadon baya cikin wata guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai saye tana da madubi.

Akwai matsalolin da ba na mai ba ne sam. Amosani yana da alaƙa da wani naman gwari da yake zaune a fatar kai, kuma maiƙo ne abincinsa. Lafta masa man zaitun yana ɓoye garin na kwana biyu, sannan ya dawo da ƙarfi. Sabulun wanke kai mai magani yake so. Makero a kan yara sai an sha magani daga asibiti, kuma yana yaɗuwa ta mataji da aska. Gashin goshin da ya zube saboda kitso mai tsauri, sassauta hannu ne maganinsa, in an daɗe ana ja kuma saiwar takan mutu. Zubewar gashi bayan haihuwa takan daidaita da kanta cikin watanni. Ƙarancin jini ma yana zubar da gashi. Sanƙo kuwa gado ne. Idan irin waɗannan suka zo miki, ki faɗa musu gaskiya, ki tura su ga likita. Za su dawo su sayi man kitso a wurinki saboda wannan gaskiyar.

Shi kansa man yana da nasa illar. Ƙananan ƙuraje da suke feso wa masu yawan shafa mai a goshi da gefen fuska, tun 1970 likitocin fata a Amurka suka bayyana su. A rage mai a bakin goshi, a riƙa wanke ɗankwali da rigar matashi. Kowane sabon haɗi a fara shafa shi a cikin dantse, a jira kwana ɗaya ko biyu; in ya yi ja ko ƙaiƙayi, kada ya hau kai.

Akwai kuma abubuwan da ba su da gurbi a kan ɗan'adam ko da ɗigo: kananzir, baƙin man inji, da maganin ƙwari irin fiya-fiya da wasu suke sawa don ƙwarƙwata. Fata tana tsotsar wannan guba, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Haka nan matse man asibiti na kumburin fata a cikin haɗi don a ce yana kashe ƙaiƙayi. Yana sirantar da fata idan aka daɗe.

Mata sukan tambaya game da alwala da wanka idan kaki ya taru a gashi. Hukuncin na malamai ne, ga su nan zaune. Abin da yake wuyanmu shi ne mu haɗa man da yake wankuwa, mu kuma koya wa mai saye ta ɗebi kaɗan. In ya taru, a fara murza mai na ruwa ya sassauta kakin, a wanke da sabulun salo da ruwan ɗumi, a bi da ruwan karkashi don santsi.

Daga ɗaki zuwa kasuwa

Wadda za ta haɗa don kanta da 'ya'yanta, abin da na faɗa ya isa. Wadda za ta sayar, akwai ƙari. Ta buɗe littafi: ranar haɗi, awon kowane abu, wurin da ta sayo, da yadda ya fito. Ta ajiye roba ɗaya daga kowane haɗi, ta sa ta a wuri mafi zafi a gidan, ta riƙa dubawa. Wajen sa farashi, ta lissafa roba da takarda da gawayi ko gas da kuɗin mota da wahalarta, ba kayan haɗi kaɗai ba. Nan ne jari yake zurarewa ba a sani ba. A jikin roba a rubuta kayan da ke ciki daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, da nauyi, da ranar haɗi da ta ƙarewa, da inda za a same ta. A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita take rajistar kayan kwalliya, kuma manyan kantuna lambarta suke fara nema. 'Yan'uwanmu na Nijar da sauran ƙasashe su nemi hukumar da take da wannan alhaki a wurinsu.

Kada ku raina sana'ar. Madam C. J. Walker, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1867, 'yar bayin da aka 'yanta ce, wankau take yi kafin ta fara tallar man gashinta gida-gida wajen 1906. Kayan haɗinta ba su wuce basilin da man kwakwa da kaki da farar wuta da 'yan ƙari ba. Ta horar da dubban mata su sayar, suna koya wa masu saye wanke kai da kula da fatarsa. Kafin rasuwarta a 1919 ta shiga sahun baƙaƙen mata mafi arziki a ƙasar.

Kammalawa

Ga aikin da nake roƙon kowa ta yi kafin zama na gaba. Ki nemi sikeli, ko da ku uku za ku haɗa kuɗi ku saya. Ki zaɓi ɗaya daga cikin tsarin nan uku, ki haɗa giram 100 kacal, ki rubuta komai. Ki raba wa mutum biyu masu gashi daban-daban, ki ce su faɗa miki aibinsa, domin yabo ba zai gyara miki komai ba. Sannan ki canza abu ɗaya, ki sake. Wadda ta yi haka har ta samu abin da ya dace da garinsu, ta mallaki haɗin kanta, wanda za ta iya maimaitawa, ta kuma koya wa 'yarta da lissafi.

Makitsan da suke nan sun fi ni sanin yadda mai yake a hannu, don haka ina sauraron gyara da tambayoyi. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure Ya yafe mini. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.